Rahoton Jirgi 471 da Na Sa wa Hannu

Daga:
Shugaban Rukunin Safe,
Ɗakin Rada, Sashen Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama,
Lambar ma'aikaci 0386.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Sufeto,
Ofishin Sa Ido Kan Lafiyar Zirga-zirgar Jiragen Sama,
Hedikwata.

Litinin, 9 ga Satumba, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN RAHOTON KWAMITIN BINCIKE NA 28 GA YUNI, 2024, DANGANE DA KUSANTAR JUNA DA JIRAGE BIYU SUKA YI A SAMA RANAR 14 GA MAYU, DA HUKUNCIN DA AKA YANKE WA JAMI'AR DA KE BAKIN AIKI

Bayan gaisuwa ta ban girma da fatan mai girma yana cikin ƙoshin lafiya, ina neman izini in gabatar da ƙorafi a kan rahoton da aka ambata a sama. Na san ƙa'ida ita ce takarda irin wannan ta biyo ta hannun Manajan Tasha. Na tsallake shi da gangan, domin yana cikin waɗanda nake ƙorafi a kansu. Mutum na biyu da nake ƙorafi a kansa ni ne.

Shekarata talatin da ɗaya a wannan aiki, goma sha biyu daga ciki ina shugabantar rukunin safe. Abokan aiki Kawu suke ce mini. Ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba. Jami'ar da aka hukunta shekararta shida a ɗakinmu, kuma ni na horar da ita tun daga ranar da ta fara saƙala abin saurare a kunne. Agogo ake ce mata, saboda tana isowa minti ashirin kafin lokaci, har abokan aiki kan ce in agogon bango ya saɓa da ita, agogon za a kai gyara. A cikin wannan takarda zan riƙa ce mata jami'ar. Ga bayanina bi da bi.

1. Tun farkon watan Fabrairu wani kamfani ya sauya jadawalinsa, ya zamana jiragensa biyu suna isowa da hantsi, tsakaninsu bai fi minti shida ba. Ɗaya lambarsa 417, ɗayan 471. A rediyo sunan kamfanin ake fara faɗa, sannan lambar, wato "huɗu ɗaya bakwai" da "huɗu bakwai ɗaya". Ko a ɗaki shiru kunne na iya juya su, balle a cikin hayaniyar aiki. Ranar 6 ga Fabrairu na rubuta wa Manajan Tasha takarda ina roƙon a nemi kamfanin ya sauya lamba ɗaya. Sakatariyarsa ta karɓa, ta buga hatimi a kwafina. Ba a ba ni amsa ba. Na sake tuna masa da baki sau biyu a cikin watan Maris. A karo na biyu ya ce mini kamfanin babba ne, ba a tsokanarsa a kan lamba.

2. Ranar 21 ga Maris rediyon da muke magana da jirage masu sauka ya samu matsala. Yana cinye ƙarshen maganar matuƙi, kamar daƙiƙa ɗaya, ya maye gurbinta da ƙara. Na san mai girma ya fi ni sanin muhimmancin wannan, amma zan bayyana saboda takardar na iya shiga hannun wanda ba ɗan aiki ba. In muka ba da umarni, matuƙi zai maimaita shi, sannan ya rufe da lambar jirginsa. Da wannan lambar ta ƙarshe muke gane cewa wanda muka kira shi ne ya amsa. Ita ce kuwa rediyon ke haɗiyewa.

Injiniyan rediyo ya rubuta matsalar a littafin aiki ranar da ta fara, ya sake rubutawa ranakun 2, 15 da 29 ga Afrilu. Ya ce akwai wani sashe a cikin na'urar da sai an sauya shi. Aka ce an yi oda, yana hanya. A makon farko mukan ce wa matuƙi ya maimaita lambarsa. Amma in za a yi haka ga kowane saƙo, layin zai cika, jirage su taru a sama suna jira. A hankali muka daina tambaya, muka koma gane mutum da muryarsa da kuma zato. Sabo turken wawa. Dukkanmu muka yi wannan sabon, har da ni da nake shugaba, kuma ban taɓa tsawatar wa kowa a kansa ba.

3. Bisa ƙa'ida kujerar jirage masu sauka mutum biyu ne: mai magana da matuƙa, da mataimakin da ke amsa tarho yana kuma saurare tare da shi. Ranar Talata, 14 ga Mayu, ana sa ran baƙi daga hedikwata da azahar. Da ƙarfe goma saura kwata Manajan Tasha ya aiko aka ɗauki mataimakin jami'ar, wai ya je ya taya shirya ɗakin taro, domin shi ya iya haɗa majigi. Da ƙarfe goma da minti ashirin ya kira ni ofishinsa in duba jawabin maraba. Na ce masa lokacin cunkoso ne. Ya ce minti biyar kawai. Na tafi. Na bar jami'ar ita kaɗai da jirage goma sha ɗaya, ga tarho biyu a gefenta. Minti ashirin da biyu na yi a ofishin, muna gardama a kan wanda za a fara ambata a jerin manyan baƙi.

4. Abin da ya faru a cikin wannan lokaci na ji shi a faifan tashar mai naɗar maganganun rediyo, wanda na saurara sau da yawa da yammacin ranar tare da injiniyan rediyo. Na juyo maganganun daga harshen aiki yadda suke.

Jirgi 417 yana gaba, hanyarsa a buɗe. Jirgi 471 yana bayansa a tsayin ƙafa dubu goma sha ɗaya. A ƙarƙashin 471 akwai jirgin wani kamfani da ya tashi daga tasharmu, yana tafe ta fuskarsa a ƙafa dubu goma. Tazarar ƙafa dubu ke tsakaninsu, daidai da doka. Da ƙarfe goma da minti arba'in da ɗaya jami'ar ta ce: "Huɗu ɗaya bakwai, sauka zuwa ƙafa dubu tara." Ta faɗi lambar daidai, kuma a fili. Wata murya ta amsa: "Muna sauka zuwa dubu tara, huɗu..." sai ƙara. Matuƙin 471 ne ya amsa, yana zaton da shi ake. Matuƙin 417 ya shaida wa kwamiti cewa ya ji kamar lambarsa aka kira, amma da ya ji wani ya amsa ba a gyara masa ba, sai ya ɗauka kunnensa ne, ya yi shiru.

A daidai nan tarho ya yi ƙara, wanda da mataimaki na nan shi zai ɗauka. Ta ɗauka. Ta kuma ba wasu jirage biyu umarni. Cikin daƙiƙa ashirin da takwas 471 ya cinye fiye da rabin tazarar. Ina turo ƙofar ɗakin ƙararrawar rada, na'urar da ke nuna mana jirage, ta tashi, alamun jiragen biyu suka koma ja a kan allo. Na ji ta tana cewa: "Huɗu bakwai ɗaya, dakatar da sauka, ka hau yanzu, ka hau yanzu." Na'urorin kauce wa karo da ke cikin jiragen sun riga sun ba matuƙan nasu umarnin. Na tsaya a bayanta ina kallon alamun biyu suna matsowa har suka hau kan juna suka zama ɗaya. Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka a haɗe ba. Faifai ya ce daƙiƙa huɗu. Sannan suka rabu.

An auna daga baya: ƙafa ɗari biyu sama da ƙasa, ƙasa da rabin mil gefe da gefe. Mutum ɗari da arba'in da takwas ne a 471, casa'in da shida a ɗayan.

Ina so a rubuta wani abu da rahoton bai ambata ba. Jami'ar ba ta tashi daga kujerar ba. Ni da ya kamata in karɓe ta nan take, na kasa ko sa wayar abin saurarena a raminta. Ta ci gaba da aiki minti tara, ta jera sauran jiragen, ta buɗe wa jirgin da ya tashi hanya ya juyo, domin matuƙinsa ya ce akwai mai rauni a ciki. Muryarta ba ta sauya ba. Sai da na karɓa ta fita. Bayan wani abokin aiki ya canje ni, na same ta a barandar baya zaune a kan matakala, ta yi amai a gefen takalminta. Abin da ta fara tambayata shi ne: "Kawu, mutum nawa ne a ciki?"

Ba na cewa ba ta da laifi ko kaɗan. Ya kamata ta nemi a maimaita lambar. Ita da kanta ta faɗi haka a gaban kwamiti tun kafin a tambaye ta. Amma abin da ta yi shi ne abin da dukkanmu muka yi makonni takwas muna yi.

5. Da la'asar ɗin ranar, bayan baƙi sun tafi, Manajan Tasha ya shigo ɗakin rada ya ɗauki littafin aiki, ya ce za a adana shi saboda bincike. Washegari aka kawo sabo. Tsohon ba a sake ganinsa ba. An shaida wa kwamiti cewa ya ɓace a wajen kwashe kaya. Faifan tashar kuma aka ce na'urar ta naɗi wani abu a kansa.

Ranar Juma'a, 17 ga Mayu, Manajan Tasha ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ajiye mini takarda da aka riga aka buga, mai sakin layi uku. Na farko ya ce kujerun aiki a cike suke bisa ƙa'ida a safiyar 14 ga wata. Na biyu ya ce babu wata matsalar na'ura da aka sani. Na uku ya ce shugaban rukuni yana cikin ɗakin a duk tsawon lokacin. Na ce masa babu ɗaya da yake gaskiya a cikin ukun. Bai musa ba. Ya zuba mini ruwa a kofi, ya ce: "Kawu, saura wata goma sha ɗaya ka huta. Ruwan da ka yi shekara talatin kana ja, kada ka kife shi a bakin rijiya. Yarinyar nan gargaɗi kawai za a yi mata, ta yi wata biyu a gida ta dawo. In aka buɗe maganar duka, ni da kai ne a gaba." Na riƙe alƙalamin na ɗan lokaci. Ba zan ce an tilasta mini ba. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Na sa hannu da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, na koma bakin aiki.

A makon da ya biyo baya aka mayar da injiniyan rediyo wata ƙaramar tasha mai nisa, inda jirgi biyu ke sauka a mako. Mataimakin da aka aika ɗakin taro aka tura shi kwas na wata huɗu. Kwamiti bai gana da ko ɗaya daga cikinsu ba.

6. Kwamiti ya zauna ranakun 10 da 11 ga Yuni. Da yake an ce faifan tashar ya lalace, sai aka yi amfani da abin da na'urar cikin jirgi 471 ta naɗa. A can kuwa maganar matuƙin cikakkiya ce, domin kusa da bakinsa aka naɗe ta: "Muna sauka zuwa dubu tara, huɗu bakwai ɗaya." A kan wannan rahoton ya rubuta, a shafi na goma sha huɗu, cewa matuƙin ya faɗi lambarsa a fili, jami'ar ta ji ba ta gyara ba. Ranka ya daɗe, ba ta ji ba. Abin da ya fita daga bakin matuƙi daban, abin da ya shiga kunnenta daban.

Ta faɗa musu haka. Ta ce rediyon na cinye ƙarshen magana tun watan Maris, ta ce ita kaɗai ce a kujerar. Shugaban kwamiti ya ɗaga takardata ya karanta mata sakin layi ukun, sannan ya tambaye ta ko tana nufin wanda ya horar da ita ƙarya yake yi. Ina zaune a kujera ta uku daga hagunta. Ta juyo ta dube ni. Ba kallon fushi ba ne, kallon mai jiran a yi magana ne. Na duƙar da kai ina gyara takardun da ke gabana. Da shirun ya yi yawa ta ce: "Ban ce Kawu ya yi ƙarya ba." Daga nan ba ta ƙara kare kanta ba.

Rahoton ya fito ranar 28 ga Yuni. An yi wa matuƙin 471 gargaɗi, an mayar da shi horo na mako biyu. Jami'ar kuwa aka soke lasisinta, aka kore ta bisa laifin sakaci mai tsanani da yunƙurin ɗora wa na'ura laifi. Na je wurin Manajan Tasha na tuna masa maganar gargaɗi da wata biyu. Ya ce abin ya fi ƙarfinsa, daga sama aka so a ga an hukunta wani.

7. Mai raunin da na ambata ma'aikaciyar jirgin da ya tashi ce. A ƙafa dubu goma an riga an ba ma'aikata izinin tashi daga kujerunsu, tana tsaye a bayan jirgin tana kwance keken abinci. Da matuƙin ya hango 471 da idonsa ya danna jirgin ƙasa da ƙarfi. Ta bugi rufi, ta faɗo a kan hannun kujera, ta karye a wuya. Shekararta talatin da huɗu, 'ya'yanta biyu.

Na je asibitin ranar 7 ga Yuli, ban faɗi ko ni wane ne ba. Tana kwance da ƙarfe a kewayen kanta, idanunta ne kawai ke motsi. Mahaifiyarta na zaune a gefen gadon tana jiƙa auduga tana shafa mata a leɓe. Ta ɗauka daga kamfanin jirgin nake, ta ba ni kujerarta. Wani ya riga ya karanta wa mahaifiyar labarin rahoton a jarida. Ta ce mini: "Ɗan nan, wannan matar da aka ce ta yi sakacin, tana da 'ya'ya? Tana iya cin abinci ya zauna mata?" Na ce Allah ya ba da lafiya. Na fito.

Ma'aikaciyar ta rasu ranar 19 ga Agusta, bayan kwana casa'in da bakwai a kwance. Allah ya jiƙanta. Har ta koma ga Ubangijinta, abin da danginta suka sani shi ne mace ɗaya ce ta jawo musu wannan.

8. Jaridun sun buga sunan jami'ar da hotonta na katin aiki. An riƙa kiran wayarta ana zaginta har ta rufe layin. Ta bar gidan da take haya ta koma gidan mahaifinta. An gaya mini ba ta fita ko ƙofar gida, kuma in jirgi ya wuce ta saman unguwar takan tsaya cak da abin da ke hannunta har ƙarar ta ɓace.

Ranar Asabar, 24 ga Agusta, da hantsi, mahaifinta ya zo gidana. Tsohon makanike ne, ya haura saba'in, sau ɗaya na taɓa ganinsa, ranar da ta karɓi lasisi. Motar haya biyu ya hau kafin ya iso. Ya ƙi shiga falo, ya zauna a benci a bakin ƙofa, ya ɗora hularsa a gwiwa. Bayan gaisuwa ya ce: "Malam, ni ban san aikinku ba. Amma ita kullum cewa take kai ne ubanta a wurin aiki. Tun da aka ce matar nan ta rasu ba ta yi magana da kowa ba. Abu ɗaya na zo tambaya, duk abin da ka ce shi zan ɗauka. 'Yata ce ta kashe ta?" Na ce masa kwamiti ya yi aikinsa, sai haƙuri, kowane bawa da jarrabawarsa. Ya gyaɗa kai, ya yi mini godiya. Godiya ya yi mini, ranka ya daɗe. Na raka shi har bakin titi.

Da na dawo maiɗakina na tsaye a bayan ƙofa, ta ji komai. Ita kaɗai na taɓa gaya wa maganar takardar 17 ga Mayu. Shekararmu ashirin da tara tare, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Cewa ta yi: "Malam, ban taɓa ganin an sallami baƙo da ƙarya a gidan nan ba sai yau." Ta ɗauke kofin ruwan da tsohon bai sha ba, ta shige ciki.

9. Ko da mai girma zai ga duk abin da ya gabata ya wuce, wannan bai wuce ba. Har yau ba a sauya lambobin ba. Har yau sashen rediyon da aka ce yana hanya bai iso ba, tunda a rubuce babu matsala, ba a kuma gyara abin da ba a yarda ya lalace ba. Ranar Talata, 3 ga Satumba, da ƙarfe goma da minti talatin da takwas, aka ba 471 umarnin juyawa hagu, 417 ya amsa, rediyo ya haɗiye lambar. Ina tsaye a bayan jami'in da ke kujerar, na ga hancin jirgin da ba a kira ba ya fara karkata, na fizge makirufo na mayar da shi. Babu wani jirgi kusa a wannan karon. Na rubuta abin a sabon littafin aiki. Washegari na tarar an ja layi a kan rubutun, an rubuta a gefe cewa ba abin rahoto ba ne. Yaran da ke ƙarƙashina sun ga abin da aka yi wa jami'ar, don haka yanzu kowa in ya yi kuskure shiru yake yi. Wannan ya fi lalacewar rediyon ba ni tsoro.

Na haɗo da wannan takarda: kwafin wasiƙata ta 6 ga Fabrairu mai ɗauke da hatimin ofishin Manajan Tasha, kwafin shafuka huɗu daga littafin injiniyan rediyo na kansa, jadawalin aiki na asali na 14 ga Mayu da rubutun hannuna, inda sunan mataimakin ke da alamar an ɗauke shi, da kwafin faifan tashar, wanda injiniyan ya naɗa wa kansa a yammacin ranar kafin a ce ya lalace. Na yi tafiyar yini guda na same shi ranar 31 ga Agusta. Ya ce a shirye yake ya ba da shaida, ya kuma ce ya daɗe yana jiran wani ya zo ya tambaye shi.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon mai girma:

(a) A dakatar da amfani da rediyon nan take har a gyara shi, a kuma umarci kamfanin ya sauya ɗaya daga cikin lambobin biyu. Wannan ba ya jiran bincike. Jiragen na zuwa kowace safiya.

(b) A jingine rahoton 28 ga Yuni, a kafa sabon kwamiti daga wajen tasharmu, ya saurari faifan, ya gana da injiniyan da mataimakin.

(c) A janye takardar da na sa wa hannu ranar 17 ga Mayu, a ɗauki wannan a madadinta.

(d) A mayar wa jami'ar lasisinta da aikinta, a hukunta ta daidai da kuskurenta ba fiye ba, a kuma wanke sunanta a jaridun da suka ɓata shi. Ban sani ba ko za ta iya sake zama a wannan kujera. Amma ita ya kamata ta yanke wannan, ba mu ba.

(e) A aika wa dangin marigayiyar cikakken bayani a rubuce. Suna da haƙƙin sanin yawan hannayen da ke cikin abin da ya same su.

(f) A binciki Manajan Tasha a kan ɓacewar littafin aiki da faifan. A bincike ni a kan barin ɗakin aiki a lokacin cunkoso da kuma ba da shaidar ƙarya. Na san hukuncin wannan a dokar aiki, na karanta shi. Ba na neman sassauci saboda shekaruna ko kusantar ritayata, domin da su aka saye ni tun farko.

A ƙarshe, ya kamata mai girma ya san cewa ba shi ne farkon wanda ya ga wannan takarda ba. Na san halina, na san in na ajiye ta a aljihu kwana biyu zan samo dalilin yaga ta. Don haka jiya Lahadi da safe na kai kwafinta gidan mahaifin jami'ar da hannuna. Ya sa tabarau ya karanta a tsakar gida, yana bin layi da yatsa, ya ɗauki kusan awa guda, ni ina tsaye. Da ya gama ya jera shafukan, ya tashi ya shiga da su ɗakin da take. Na jira. Sai can na ji kuka, irin na wanda ya daɗe bai yi ba. Ba ta fito ba. Shi ya fito ya ce mini: "Ta ce ka gyara wuri ɗaya. Jirage goma sha biyu ne, ba goma sha ɗaya ba." Na koma na duba, ita ce da gaskiya. Na bar kuskuren yadda yake a sakin layi na uku na wannan takarda, ina roƙon a karɓi gyaranta. Bai ce sun yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba.

Ina bakin aiki kullum daga ƙarfe shida na safe, har ranar da mai girma zai ba da umarnin a ɗauke ni. A shirye nake in amsa kira a duk lokacin da aka buƙace ni, in kuma maimaita wannan bayani bisa rantsuwa.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya da basira, ya ba shi ikon yin adalci. Na gode da lokacin da aka ba takardata.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Shugaban Rukunin Safe, Ɗakin Rada,
Lambar ma'aikaci 0386.